Shekara Nawa Ake Sa Yaro Makaranta? Muhawarar Iyayen Zangon Kumasi

Maman Ridwan (Aboabo): Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Shawara nake nema, don maganar ta fara yin tsami a gidanmu. Ridwan shekararsa uku da rabi. Hajiyarmu, uwar maigidana, ta ce tuni ya kamata a ce yana makarantar allo, wai ubansa bai kai haka ba aka miƙa shi hannun malam. Shi kuma maigidan ya ce a bari sai yaron ya shiga firamare. Ya iya Fatiha da Ƙulhuwallahu a baki, amma ba ya iya zama wuri ɗaya, ko tuwo sai an bi shi da kwano. Don Allah akwai shekarun da addini ya yanke na fara karatun Alƙur'ani?

Hajiya Kaka (Akwatia Line): Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki bi maganar uwar mijinki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu a zamaninmu da an yaye yaro, bakinsa ya buɗe, sai ya bi yayyensa. Ba a cewa sai ya yi karatu, ya dai zauna ya ji. Wani ma barci yake yi a kan buzun malam har a tashi.

Baban Tagwaye (Alabar): Mma, ki yi mini aikin gafara, amma a faɗi gaskiya, rabin masu kai yaro ɗan shekara uku makaranta ranar Asabar ba karatu ne ya dame su ba. So suke su samu sararin zuwa kasuwar Kejetia ko gidan biki. Malam ya zama mai raino, rainon ma na kuɗin Laraba.

Hajiya Kaka (Akwatia Line): To in ma rainon ne, gara a raine shi inda ake ambaton Allah da a bar shi yana wasa a bakin kwata.

Ustaz (Tafo Zango): Bismillah. Maman Ridwan, amsar tambayarki kai tsaye ita ce babu. Babu aya, babu hadisi ingantacce da ya ce a shekara kaza ake fara koya wa yaro Alƙur'ani. Shekarun da suka zo a nassi na salla ne: a umarci yara da ita suna da bakwai, a hore su a kanta suna da goma, a kuma raba musu wurin kwana, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Daga nan malamai suka fahimci cewa kafin bakwai ya kamata yaro ya riƙe abin da zai yi sallar da shi, wato Fatiha da 'yan gajerun surori. Naki ma ya riga ya kama hanya.

Abin da ake yi a Indiya da Pakistan na fara wa yaro karatu ranar da ya cika shekara huɗu da wata huɗu da kwana huɗu, wanda na ga ana yawo da shi a WhatsApp, al'adarsu ce. Ba laifi ba ne, amma kada a jingina shi ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam.

Ɗan Zango a Jamus: Ustaz, to Imamu Shafi'i fa? Ba yana da shekara bakwai ya haddace Alƙur'ani ba? Wanda ya gama a bakwai ai ba a shida ya fara ba. Ni dai 'yata tun tana da huɗu na haɗa ta da malami ta waya, don a nan Hambug in ka yi sake sai ka tarar Jamusanci ya cinye bakin yaro, ba Hausa ba Larabci.

Ustaz (Tafo Zango): Haka aka ruwaito game da Shafi'i, har an ce ya haddace Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imamu Malik, yana da goma. Amma shi Balarabe ne Baƙuraishe, harshen da ya sha a nono da shi aka saukar da littafin, kuma ba shi da motar boko da ke jiransa da sassafe. Sannan abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba, malaminsa Imamu Malik, wanda yawancinmu a zango mazhabarsa muke bi, an tambaye shi game da yaro ɗan shekara bakwai da ya haɗa Alƙur'ani, sai ya ce ba ya ganin hakan ya dace. Malamai sun bayyana cewa tsoronsa shi ne ba a kai yaro ƙarami ga haka sai da matsi, kuma yana furta abin da bai san girmansa ba.

A ɗaya ɓangaren, Buhari ya yi babi guda a kan koya wa yara Alƙur'ani, ya kawo maganar Abdullahi ɗan Abbas cewa Annabi ya yi wafati shi Abdullahi yana da shekara goma, kuma ya riga ya karanta Mufassal, wato gajerun surorin ƙarshe tun daga wajajen Hujurati zuwa Nasi. Ku lura, shekara goma, kuma ba duka littafin ba, shi da ake kira mai fassara Alƙur'ani. A sharhin wannan babin Ibnu Hajar ya ambaci cewa Sa'idu ɗan Jubairu da Ibrahim Annaha'i ba su so a fara da wuri ba, sai yaro ya yi hankali, don gudun ya ƙosa. Da ya auna, sai ya ce abin ya danganta da yaron. To in Ibnu Hajar bai yanke shekara ba, ni wane ne.

Malam Mai Allo (Sawaba): Allah ya saka wa Ustaz. Ni ba ni da littattafan da zan jawo, yara kawai na sani. Kuna ta cewa "fara karatu" kamar abu ɗaya ne, alhali a wurinmu mataki-mataki ne. Ƙaramin da aka kawo ba a ba shi allo. Biya masa ake yi a baki, A'uzu, Bismilla, Fatiha, Nasi, Falaƙi, har zuwa Alam tara kaifa. Wannan ko ɗan shekara uku zai iya, kuma uwa ma za ta iya a gida tana tuƙa tuwo. Bayan haka sai babbaƙu, ya san haruffa ba wasali. Sai farfaru, a sa musu wasali ya riƙa haɗawa. Sai ya fara bin rubutun da aka yi masa a allo da kansa, in ya iya ya wanke a rubuta masa na gaba. Hadda kuwa can gaba take.

Wahalar tana babbaƙu. Ɗan shekara shida yakan wuce su a 'yan watanni. Ɗan shekara uku sai ya shekara biyu a kansu, yana rerawa da kyau, in ka rufe na sama ka nuna masa harafi ɗaya a tsakiya sai ya yi zuru. Waƙa ya haddace, bai ga harafin ba. Su biyun sai su haɗu a farfaru lokaci guda, sai dai ɗaya ya iso da marmari, ɗaya ya iso ya riga ya san makaranta wurin kuka ce.

Iyayenmu suna da awo. Wasu su ce sai yaro ya fara famfara. Wasu su ce ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Ni nawa awon, ya iya tsarki da kansa, kuma in na aike shi da saƙo biyu ya dawo da biyun.

Maman Ridwan (Aboabo): Allah gafarta Malam, a tsarkin nan ma kaɗai Ridwan ya faɗi jarabawa.

Baban Tagwaye (Alabar): Ni kuma a saƙo biyun nan har yau uwargida cewa take ban ci ba.

Madam Tica (Asawase): Ni KG, wato ajin share fage kafin firamare, nake koyarwa a ɗaya daga makarantun Turanci da Larabci, waɗanda ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987. Abin da Malam ya faɗa shi nake gani kullum. A tsarin Ghana yaro yana shiga KG yana da huɗu, ya yi shekara biyu, ya shiga aji ɗaya yana da shida. Ku dubi abin da muke ɗora wa ɗan shekara huɗu a zango. A gida Hausa, ko Dagbanci, ko Mosanci. A layi Tuwi. A aji Turanci, ana rubutu daga hagu zuwa dama. Da yamma Larabci, daga dama zuwa hagu. Kunnensa zai ɗauki duk waɗannan harsunan, wannan ba ya ba ni tsoro, yaran zango sun fi kowa iya baki. Hannu da ido ne ba su nuna ba. Shi ya sa za ka ga yana juya harafi, ya rubuta b a wurin d, ko ya fara sunansa daga ƙarshen layi. Ba daƙiƙanci ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. In aka sa bulala a nan an yi zalunci.

Shawarata, ji da maimaitawa tun yanzu, ba sai an jira komai ba. Haruffa kuma tsakanin biyar da shida.

Hajiya Kaka (Akwatia Line): Ku 'yan boko kun iya tsara magana. Amma ku ba ni amsa. Yaro ɗan shekara biyu kuna tashinsa da asuba, ku sa masa yunifom da jakar da ta fi shi girma, ku tura shi kiresh, gidan rainon yara, ku biya kuɗi masu yawa, ba wanda ya ce bai nuna ba. Sai an zo kan littafin Allah ne ake tuna yaro ƙarami ne?

Madam Tica (Asawase): Mma, wannan kin kama mu, ba ni da ta cewa. Ni ma ban yarda da ba ɗan shekara uku aikin gida ba, kuma ana yi. Amma ɓarnar da ake yi a can ba ta zama dalilin a yi irinta a nan ba. In yaro ya tsani lissafi an yi asara. In ya tsani Alƙur'ani fa?

Anti Nas (Asokore Mampong): Ƙari kaɗan ta fannin lafiya. Ɗan shekara uku zuwa biyar yana buƙatar barcin awa goma zuwa sha uku a kwana, har da na rana. Wanda ya taso daga KG ƙarfe biyu ko uku, aka cire masa kaya aka tura shi makaranta har Magariba, yaushe ya yi na ranar? Sannan yaron da ya daɗe bai gane haruffa ba, ko kullum yana kuskuren abin da aka biya masa, a duba idonsa da kunnensa kafin a ce taurin kai ne. Ciwon kunne mai ruwa yana da yawa a yara kuma yana rage ji.

Maman Ridwan (Aboabo): Na gode ƙwarai. Abin da zan kai wa maigida shi ne, Ridwan ya riƙa bin yayarsa ranar Lahadi da safe, in ya gaji a dawo da shi, ba allo ba bulala, ni kuma in ci gaba da biya masa a gida. Hajiya ta ga ya tafi makaranta, maigida ya ga ba a matsa masa ba. Allah ya sa su karɓa.

Ɗan Zango a Jamus: Wannan ai siyasa ce, ƙanwata. Ke ya kamata a ba kujerar Asawase.

Baban Tagwaye (Alabar): Kafin a watse, ni akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun ɗazu muna ta faɗa a kan uku ko shida. Ku zagaya makarantun zango ranar Asabar ku ƙirga. Ƙanana cike, har ba wurin taka ƙafa. 'Yan shekara goma sha uku zuwa sama fa? Sai ka nema. Tagwayena sun fara da wuri, kowa yana yaba mini, suka kai izu goma sha wani abu, suna shiga aji biyu na ƙaramar sakandare, wato JHS 2, aka ce darasin ƙari ranar Asabar saboda BECE, jarabawar kammala ƙaramar sakandaren. Daga nan allo ya hau saman kwaba. Yanzu suna makarantar kwana, in sun zo hutu na ce su biya mini Sabbi sai su riƙa kallon juna. To me farawa da wurin ta amfana mini?

Madam Tica (Asawase): Yaya, bari in sa maka lissafi a kai. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne. A ce yaro ya wuce haruffa, yana ɗaukar rabin shafi duk ranar makaranta. A tsarin da, ana karatu Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a, wato shafi biyu da rabi a mako, zai sauke cikin ƙasa da shekara biyar. A tsarin Asabar da Lahadi kawai, shafi ɗaya ne a mako, mako 604, ya haura shekara goma sha ɗaya, kuma ban cire azumi da salla da ranakun suna da biki ba. Wanda ya fara bin mus'hafi yana da bakwai sai ya kai sha takwas. Shi kuwa BECE tana jiransa a wajen sha biyar, daga nan babbar sakandare, wato SHS, wadda tun 2017 ta zama kyauta, yara da yawa suna tafiya kwana. Ko ka fara da shi yana da uku, shekarun da ka ƙara a babbaƙu za su tafi, ba za su cike wannan ramin ba.

Malam Mai Allo (Sawaba): Lissafin Madam ya yi, sai dai yaro ba ya tsayawa a rabin shafi. In ya kai shekara goma, bakinsa ya faɗa, sumuni guda yake ɗauka a zama ɗaya, wani ya fi. Daga goma zuwa sha huɗu nan ne karatu yake gudu. Abin baƙin cikin, daidai nan ake ɗauke mana su. Ana kawo mana su lokacin da ba su iya komai ba sai kuka da fitsari, mu yi ta fama, ranar da aikin ya fara daɗi sai a ce suna da lesin. Kuma uban da ke biyan malamin lesi sidi ɗari-ɗari ba ya ko ƙifta ido, in ka tambaye shi kuɗin wata sai ya ce ai aikin Allah ne.

Hajiya Kaka (Akwatia Line): Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Shi ya sa walima ta koma abin da ta koma. Da, in an ce yarinya ta yi walima, ta sauke ne da gaske, malamai su zauna ta karanta duk inda aka buɗe mata. Yanzu sai an sa ranar aure a ruga wurin malam, ya biya mata farkon Baƙara na mako biyu, ranar walima ta sha lalle da leshi ta karanta Alif lam mim zuwa muflihun, a yi ta liƙi. Kowa a wurin ya san abin da ake ciki, ba mai magana.

Baban Tagwaye (Alabar): Mma, yau kam mun haɗu a layi ɗaya.

Hajiya Kaka (Akwatia Line): Ba mu haɗu ba. Ni har yanzu na ce a kai su da wuri. Cewa na yi kada a cire su.

Ustaz (Tafo Zango): Wannan damuwar ta Baban Tagwaye tsohuwa ce. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya kawo a littafinsa Muƙaddima shawarar alƙali Abubakar Ibnul Arabi cewa a fara wa yaro da harshen Larabci da lissafi, sannan Alƙur'ani, don ya fahimci abin da yake karantawa. Ya ce shawarar tana da kyau, amma al'ada ba za ta bari ba, saboda iyaye suna neman albarka, kuma suna tsoron in yaro ya balaga ya fita daga hannunsu zai tashi ba Alƙur'ani gaba ɗaya. Wato su ma abin da ya sa suke gaggawa a farko tsoron ƙarshen ne. Bambancin, su balaga suke tsoro, mu jarabawa. A littafin nan kuma ya yi fasali guda a kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana koya masa ƙarya da ɓoye-ɓoye. Masu dorina su ji.

Kuma kada mu raina gida. Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, a gida ya fara wurin mahaifinsa da mahaifiyarsa, daga baya aka turo shi nan Kumasi wurin Malam Abdullahi Ɗantano.

Ɗan Zango a Jamus: To mafita fa? Kada mu yi ta kuka kawai. Ni ina ganin a ware shekara ɗaya bayan BECE yaro ya zauna ya sauke, sannan ya wuce.

Madam Tica (Asawase): Yaya, ba uban da zai yarda ɗansa ya bar gurbin SHS da kwamfutar rabon makarantu ta ba shi. Amma tsakanin gama BECE da shiga SHS akwai watanni da yara ke zaune ba aikin fari ba na baƙi, sai waya da ƙwallo. Wannan lokacin ya isa a yi tilawar abin da aka manta, har a ƙara. Kuma tun 2024 Larabci ya shiga cikin darussan BECE ga makarantun da ke koyar da shi, ko ba komai yanzu uba ba zai ce Larabci ba ya cikin jarabawa ba.

Malam Mai Allo (Sawaba): Larabcin jarabawa daban, karatun Alƙur'ani daban, amma na ji. Ni abin da na gani yana aiki shi ne kaɗan kullum. Tsakanin Magariba da Isha'i babu lesin, babu boko. In 'yan JHS za su zo masallacin layinmu a wannan lokacin, Asabar zuwa Laraba, zan zauna da su, ba sai sun zo da allo ba, kowa ya riƙo mus'hafinsa. Sharaɗina ɗaya, uba ya kawo ɗansa da ƙafarsa ranar farko, in san wanda zan kira in yaro ya ɓace.

Baban Tagwaye (Alabar): Allah gafarta Malam, nawa ne?

Malam Mai Allo (Sawaba): Rabin abin da kake ba mai lesin lissafi.

Baban Tagwaye (Alabar): Malam ya san inda yake mini ciwo. In sun zo hutu zan kawo su, ko a pragya ne, keken nan mai ƙafa uku.

Anti Nas (Asokore Mampong): Wannan ya yi wa maza. 'Yan mata fa? Lokacin nan suna bakin murhu, ko suna taya uwa sayar da waake da koko na dare, kuma ba kowace uwa za ta bar budurwa ta fita bayan Magariba ba. In ba a yi musu nasu tsarin ba, walimar mako biyun da Mma ta faɗa ita za mu ci gaba da gani.

Hajiya Kaka (Akwatia Line): Ku turo mini su bayan La'asar. Tsakar gidana da faɗi, tabarmi suna nan, kuma ƙanwar maigidana da ke zaune da mu ta sauke tun tana budurwa, ruwayar Warshu take karantawa amma ta san ta Hafsu. Waɗanda ke kusa da Akwatia Line su fara zuwa ranar Asabar. Kowace ta zo da hijabinta da mus'hafinta, wayar kuma a bar ta a gida, don in na gan ta a hannu zan karɓe sai an tashi.